Inci Biyu a Kujerar Dama

Ta tashi! Jama'a, ta tashi! Ranar Alhamis da ƙarfe huɗu na yamma na murɗa makulli, Karkatacciya ta yi tari sau biyu, sannan ta saki wata ƙara da ta sa karen maƙwabtanmu ya shige ƙarƙashin baranda. Ni kuwa sai ga ni ina tsalle a tsakiyar gareji, ina ihu, hawaye na wanke baƙin man da ke fuskata. Shekara uku da wata biyu nake jiran wannan ƙarar. Ku da kuka daɗe a shafin nan kun san abin da na sha. Ke kuma da yau kika fara leƙowa, gyara zama in ba ki a taƙaice, don abin da ya faru ranar Lahadi ya fi ƙarfin cikina, in ban faɗa ba zan iya fashewa.

Sunana Tessa, shekarata ashirin da takwas, a Bay City nake, kuma e, har yanzu a gidan iyayena. Ba sai kun tuna mini ba, Mama na yin wannan aikin kullum. Karkatacciya motata ce, ba saya na yi ba, ba kuma gyara tsohuwa na yi ba. Da alli na fara zana ta a daɓen garejin Baba. Na zauna a ƙasa na miƙe ƙafa, aka zagaye ni da layi, daga nan na dinga yanka bututun ƙarfe ina walda har ta tsaya da tayoyinta. Injin na wata ƙaramar motar Japan ce da ta yi karo da barewa. Kujera biyu, ba rufi, ba ƙofa, ba rediyo. In kin zauna a ciki kika sauke hannu, kwalta za ki taɓa.

Baba ne ya laƙaba mata sunan. Gefena faɗinsa inci goma sha bakwai, haka ya kamata na dama ma ya zama. Sai da na gama walda tsaf, a sanyin shekarar farko, na gano na dama ya fito inci goma sha tara. Kwana biyu ina kuka. Abokina Emmett, mai walda a wurin gyaran jiragen ruwa na bakin kogi, shi ya riƙe mini tef ɗin awo ranar yana karantowa ina sa alama. Na ce lallai hannuna ne ya yi rawa don sanyi. Baba ya zagaya ta sau uku, ya ce, “Bar ta haka, ba wanda zai lura sai ni. Ni kuwa kowa zan gaya wa.” Ya kuwa cika alkawari.

To yanzu ga inda rigimar take. Irin motocinmu ba a sayen kujerarsu, zuba ta ake yi. A shimfiɗa babbar baƙar leda a gurbin, mutum ya zauna a kai, a haɗa ruwan kumfa iri biyu a bokiti, a juya da sauri, a kwarara ta bayansa. Sai ta kumbura kamar ƙullun da ya sha yis, ta yi zafi, ta daskare da siffar bayan mutumin. Daga baya a aske gefe a lulluɓe da yadi. Kujerar da aka zuba da kai ba ta ƙara yi wa wani daidai.

Baba ya zuba wa Mama tata a motarsa mai ruwan ƙwai kafin ya nemi aurenta. Yayana Leon ya yi wa matarsa haka. A gidanmu kuwa abu in an yi shi sau biyu ya zama doka. Wanda aka zuba kujerar dama da shi, ba sai an buga kati ba, dangi sun gane.

Ni tawa na zuba tun watan jiya. Ledar farko ta fashe, na tashi da kumfa har cikin gashi, sai a ta biyu aka dace. Abin da ya rage a jarka na zubi ɗaya ne cak, masu sayarwa kuma sun ce sabuwa sai bayan sati uku. Ranar Talata ɗan sanda zai zo ya duba motar kafin a ba ta lamba, kuma sai ya ga kujera biyu da bel ɗinsu. In na rasa wannan, dusar ƙanƙara za ta sauko, a watsa gishirin narkar da ita a titi, mai cin ƙarfen mota, ni da tuƙi sai watan Afrilu. Kun ga ke nan dole a zuba ranar Lahadi, dole kuma wani ya zauna.

Mama ta riga ta zaɓa mini wanin.

Ranar Juma'a da safe ina shan kofi saƙonsa ya shigo.

“Barka da nasara, Zuma! Mama ta ce abin wasan naki ya yi ƙara. Lahadi ƙarfe ɗaya ko? Wane kaya zan sa?”

Preston ke nan. Likitan haƙori ne, dogo sambal, shekara biyu muna tare, kuma tun a wata na uku ya fara kiran mahaifiyata Mama. Kada ku ce zan ɓata shi, ba zan yi ba. Mutum ne mai kirki. Shi ya gyara wa kakata haƙoranta har ta koma cin tuffa, bai taɓa mance ranar haihuwar kowa ba, kuma motarsa kullum ƙamshi take. Sai dai “abin wasan” nan na tsaya mini a maƙogwaro.

Na rubuta masa, “Ka sa waɗanda ba ka so.”

“Ba ni da irinsu,” ya amsa, da fuskar dariya guda uku.

Tun daren Alhamis kuwa na tura wa Emmett hoton bidiyon tashin injin. Amsarsa ta farko ita ce, “Tana shan iska ta hagu. Ƙara matse bututun.” Na yi tsaki na kife wayar. Bayan minti ɗaya ta sake motsi.

“Ta yi daɗi, Oga. Sau tara na saurara.”

Kada ku tambaye ni sau nawa ni na karanta wannan.

Ranar Asabar kicin ya cika da tururi. Mama ta murza ƙullu a kan teburin katako, ta jera firogi, 'yan ƙullin nan da ake cusa wa haɗi a dafa, layi-layi a kan farin tawul, rabi da dankali da cuku, rabi da kabeji. Busha, wato kakata ta wajen uba, tana zaune a kujerarta ta gefen taga da rigar sanyinta mai ruwan hoda, tana matse bakin kowanne da cokali mai yatsu. Ni aka ba ni yankan albasa, don in na yi hawaye ba wanda zai tambaya.

“An ga Preston a shagon masu zobe ranar Laraba,” in ji Mama, ba ta ko ɗago ba.

“Wa ya gan shi?”

“An dai gan shi.”

“Wataƙila agogo ya kai gyara.”

“Teresa Marie.” In ta haɗa sunayena biyu na yanka, to wasa ya ƙare. “Shekararki nawa? Sa'o'inki na coci duk sun yi biyu-biyu, ke kina kwance ƙarƙashin ƙarfe da gashi a ƙone. Yaro ya zo da mutuncinsa, da aikinsa, ga gida ya saya a Midland mai gareji biyu. Biyu! Me kuma kike nema?”

“Mama, shekara biyu fa, bai taɓa shiga motar nan ba. Ko sau ɗaya.”

“To sai me? Ni ma ban taɓa shiga ta babanki ba sai ranar zubin.”

Busha ta ajiye cokalinta, ta dubi Mama. “Kai, Doreen, ji tsoron Allah. Ni da nake leƙo ku ta tagar kicin? Kullum kina ciki kina miƙa masa sifana, siket duk baƙin mai. Har na ce wa marigayi mijina, wannan yarinyar in ba a aura mata ɗanmu Walt ba motar za ta aura.”

“Busha, don Allah ki matse firoginki.”

“Ina matsewa. Bakina ai ba shi ke matsewa ba.”

Na ƙunshe dariya har albasa ta sarƙe ni. Mama ta sha kunu, ta ce ta goge mini koriyar rigar nan mai dogon hannu, tana rataye a ƙofar ɗakina, kuma in na kuskura na fito da kayan aiki gobe za mu haɗu.

Da yamma Baba ya same ni a gareji ina shimfiɗa ledar. Shekara talatin da ɗaya ya yi a masana'antar kayan sitiyari kafin ƙugunsa ya ajiye shi, kuma doka ɗaya yake da ita wadda ya fi riƙewa da ta coci: kafin ka haɗa abin da ba ya rabuwa, ka gwada shi a bushe sau uku.

“Tess, kin gwada dogon nan a ciki?”

Ga abin da nake jin kunyar faɗa. Na buɗe baki na ce, “Na gwada, Baba.”

Ƙarya na yi. Ni da na san wannan dokar tun kafin in iya ɗaure takalmi. Sau nawa Preston ya tsaya a bakin garejin nan hannu a aljihu, da na ce ya shiga da ya shiga, don ba ya musu da ni. Amma ban taɓa cewa ba. Tsoro nake ji. Ba tsoron kada ya ƙi shiga ba, tsoron kada in ga ta yi masa daidai in rasa abin faɗa.

Lahadi muka dawo daga coci, na sa koriyar rigar kamar yadda aka umarta, na ɗora mata rigar fata ta gaba da nake walda da ita, na zura manyan takalman aikina. Mama ta kalle ni daga sama har ƙasa, ta ɗaga ido sama tana neman haƙuri. Ita ta sa rigarta mai ruwan toka da sarƙar lu'ulu'un bikinta. Ta share garejin da kanta, ta shimfiɗa farin ƙyalle a kan bencin aikina, ta jera kofuna da tulun ruwan tuffa a daidai inda nake ajiye injin yanka. Tun safe Baba ya kunna na'urar ɗumi, don kumfa ba ta tashi a sanyi. Karkatacciya na tsakiya, jikinta na alminiyom na ƙyalli, hancinta ja wur. Wallahi ta yi kyau.

Emmett ya riga kowa zuwa. Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, da jaket ɗinsa mai ruwan ƙasa da tartsatsin walda ya huhhuda. Ya kawo ƙarafan ɗaure bel da ya lanƙwasa mini, da kwalin donat.

“Wa ya gayyato wannan kuma?” Mama ta raɗa wa Baba, raɗar da har titi an ji.

“Ni. Wa zai riƙe bakin leda? Ke?”

“Ina wuni, Madam,” in ji Emmett, ya cire hula.

“Lafiya,” ta ce wa bango.

Ya matso kusa da ni ya kalli rigar, ya kalli takalman. “Oga, biki za a ko jana'iza?”

“Rufe mini baki ka riƙe leda.”

Ƙarfe ɗaya daidai Preston ya iso, da furanni na Mama da na Busha. Wando fari-fari mai kari, rigar sanyi kalar shayi da madara, takalmi mai sheƙi. A aljihunsa na dama akwai wani tudu mai kusurwa huɗu. Na gani, Mama ta gani, ta dafe sarƙarta.

Ya sumbace ni a goshi, ya zagaya motar yana murmushi. “Kai, Zuma, kin yi ƙoƙari. To ina ƙofar?”

“Babu. Tsallakawa ake yi.”

“Da gaske?”

“Ka dafa nan, ka zura ƙafa biyu, ka sulale.”

Baba ya riga ya tsaya da bokiti tsakanin gwiwoyinsa, jarka ɗaya a kowane hannu. Salonsa ke nan tun zamanin kujerar Mama: mutum na zura ƙafa, shi yana haɗawa, don kada a bar bawan Allah yana gumi a kan leda. Ya kalle ni ta saman tabarau.

“An gwada dai ko?”

Nan ne fa ya kamata in faɗi gaskiya. Duk idanu na kaina, Mama na murmushi, Busha na tauna donat. Na ce, “An gwada.”

Preston ya ɗan juyo ya kalle ni. Ya ɗaga doguwar ƙafarsa ya tsallaka. Baba ya tuntsura jarkokin biyu, ya kama juyawa da sanda yana ƙirga da ƙarfi.

“Ɗaya, biyu, uku...”

Preston ya sulala, ya sulala, sai ƙum! Gwiwoyinsa suka daki bututun da ya gitta ƙarƙashin allon mita. Wurin ƙafa na dama gajere ne, don a can na ajiye batir. Ƙafafunsa sun kai ƙarshe, gwiwa ta maƙale, mazaunansa na lilo a sama, tsakaninsu da ledar ya kai taƙi guda.

“Sauka mana!” in ji Mama.

“Ina zan sauka, Mama? Ba wuri!”

“Lanƙwasa ƙafar!”

“Ba ta lanƙwasuwa ta nan!”

“Sha ɗaya, sha biyu...”

“Yallaɓai, dakata tukuna!” Preston ya yi ihu.

“Wannan ba ta san dakata ba, ɗana. Sha biyar. Tess, me nake gani haka?”

Ruwan da ke bokitin ya fara canza launi, daga ruwan zuma zuwa fari-fari. Na san abin da hakan ke nufi. Daƙiƙa ashirin, ko ƙasa da haka, ta fara hawa, in ta hau a bokiti shi ke nan, ba kujera, ba lamba, sai Afrilu. Ni da Emmett muka kama Preston ta hammata muka fizgo shi waje kamar ana cire karas. Ya fito, takalminsa ɗaya ya zauna a ciki.

“Wani ya shiga!” Baba ya daka tsawa. “Yanzu!”

“Walt, kada ka kuskura!” in ji Mama.

“Ni in na shiga sai dai a binne ni a ciki,” in ji Busha.

Na san abin da za ku ce. Ke me ya hana ki shiga? Ga ki tsaye, ga gurbi, da kin zauna da an zuba kujerar da bayanki, magana ta mutu, ba wanda ya ji kunya. Na tambayi kaina wannan ya fi sau ɗari daga ranar zuwa yau. Amsar ita ce ko kaɗan bai zo mini a rai ba. Bakina ne ya riga hankalina.

“Emmett, shiga!”

Bai tambaya ba. Ya watsar da walat da makullai daga aljihun baya, ya yar da jaket, ya dafa, ya sulale ciki a motsi ɗaya, kamar yadda ya sha yi duk ranar da muke gwada birki ina buƙatar nauyi a gefen. Na cafke bakin ledar, Baba ya kwarara, na murɗe bakin na cusa a bayan bututu, na ɗora tafin hannuwana biyu a kafaɗunsa na danna. Haka ake yi, in ba a danne mutum ba kumfar ɗaga shi take, kujerar ta fito a banza.

Ba ka jin komai a garejin sai ƙaramar ƙarar kumfa tana hawa cikin leda.

Preston na tsaye da takalmi ɗaya, safarsa mai zanen ƙananan jiragen ruwa a kan daɓen da na zana motar. Fuskarsa ta yi ja. Na ji tausayinsa ƙwarai, bai cancanci haka daga gare ni ba.

“Ai ana iya sake wata ko?” Mama ta tambaya da wata siririyar murya. “Walt? In sabuwa ta zo?”

Baba ya kalli cikin bokitin kamar amsar na ciki. “Kumfa dai ana iya sakewa. Ƙafarsa ce ba za ta ragu ba. Sai an yanka motar.”

Preston bai kula su ba. Ni yake kallo. “Tessa, kin ce masa kin gwada ni. Sau biyu ke nan ashe. Me ya sa?”

Na sunkuyar da kai, na ƙara danna kafaɗun Emmett.

Ya gyaɗa kai a hankali. “A ba ni takalmina.”

“Yi haƙuri, likita,” in ji Emmett, idonsa a gaba, wuyansa a sandare. “Yana ƙarƙashin ƙafata. In na motsa ta lalace. Minti ashirin.”

Haka Preston ya fita, ƙafa ɗaya ƙwas, ƙafa ɗaya shiru. Mama ta bi shi da gudu tana, “Preston, ɗana, tsaya mana, ga abinci na yi!” Busha ta miƙe da sandarta, ta kama hannun rigar Baba.

“Zo ka raka ni, kada firogi ya huce.”

“Mama, sai na ga yadda ta tashi,” ya ce wa uwarsa.

“Za ta tashi ba da kai ba. Shekara sittin da biyu ba ka san lokacin fita ba? Wuce mu tafi.”

Suka bar mu. Ni a tsaye a bayan Emmett na sunkuya, hannuwana a kafaɗunsa, zafin kumfar na ratso rigarsa har tafina. Ƙeyarsa ta jiƙe da gumi. Zuciyata kuwa kamar injin ranar Alhamis.

“Da zafi?” na ce.

“Kamar na jingina da tukunya. Danna hagu, tana ɗaga ni.”

Na danna. A nan ne idona ya sauka a gefen motar. Kafaɗarsa ta dama na manne da bututun waje, ta hagu na manne da na tsakiya. Ba matsi, ba rara, ko takarda ba za ta shige ba. Sau nawa na gan shi a gurbin nan, amma kullum daga gefen direba, ban taɓa kallonsa daga sama ba.

“Emmett.”

“Na'am, Oga.”

“Faɗin kafaɗarka nawa ne?”

Kunnuwansa suka yi ja.

“Magana nake.”

“Sha tara,” ya ce can ƙasa.

“Ranar da na yanka bututun nan, wa ya riƙe tef?”

“An ce kada mai zama ya yi surutu, kumfa na lalacewa.”

“Ni na gaya maka haka, kuma ƙarya ce. Wa ya riƙe tef?”

Ya ja numfashi, na ji kafaɗun sun tashi a ƙarƙashin hannuna. “Hannunki bai yi rawa ba, Tessa. Bai taɓa rawa ba. Sha tara na gani, na ce miki sha bakwai ne.”

Jama'a, kwana biyu na yi ina kuka a kan inci biyun nan! Shekara uku Baba na yi mini tsiya a gaban duk wanda ya shigo, har mai kawo wasiƙa ya san labarin!

“Kai mugu ne,” na ce. “Ka bar ni ina zagin kaina?”

“Na so in faɗa. Kullum sai in ce gobe. Daga baya likita ya zo da furanni, na ce to, ko ba komai wanda zai zauna zai sami wurin sakewa. A sha bakwai ba zan shiga ba. Na ga kina zana mota da wurin mutum biyu, na ji ba zan iya tsayawa ina kallo ki yi wa wurin walda ba tare da ni ba. Laifi ne, na sani. In kin ga dama ki sake ni yanzu, kumfa ta ɗaga ni, ki huta.”

Ban san lokacin da dariya ta ƙwace mini ba, ga hawaye na ɗiga a tsakiyar kansa. Haushi nake ji, daɗi nake ji, har na rasa wanne ya fi. Na so in kai masa duka, amma hannuwana biyu duk suna aiki.

Wayata da ke kan farin ƙyallen Mama ta kawo haske. Daga inda nake ina iya hango rubutun.

“Ina cikin mota. Abin da na zo da shi yana aljihuna har yanzu. In kina so mu yi magana ki fito. Minti biyar zan jira.”

Ƙofar gefe ta buɗe, Mama ta shigo tana haki, sarƙarta ta karkace, Baba na biye da ita da firogi a cokali.

“Teresa Marie, yana jiranki. Yaron nan har yanzu yana jiranki, kin ji? Saki wannan ki je. Babanki zai riƙe.”

Baba ya cusa firogin a baki, ya zura hannu biyu a aljihu. “Ni ƙuguna ba ya son sunkuyo.”

“Walt!”

“Likitana ne ya hana, Doreen.”

Mama ta juyo gare ni, idonta ya kawo ruwa. Ba mugunta take yi ba, tsoro take ji mini, na sani. “'Yata, minti biyar ne fa. Kujera ce kawai.”

Na kalli agogon bango. Saura minti goma sha huɗu kumfar ta kama. Emmett bai ko juyo ba, amma ina jin bugun jininsa a tafin hannuna. Daga waje na ji an tayar da mota, tana aiki a hankali, ba ta tafi ba.

“Mama,” na ce, “ke da aka zuba taki, da Baba ya sake ki a tsakiya ya fita, me za ki yi?”

Ta juya ta kalli motar Baba mai ruwan ƙwai da ke lulluɓe a lungu.

Na gyara tsayuwa, na ƙara danna kafaɗun da ƙarfi.

“Kai kuma zauna daidai,” na ce wa Emmett. “Ka karkatar mini da mota, ba za ka karkatar mini da kujera ba.”